Sarki Tanimu, mai bindiga da igwa

Tanimu ɗan Sulaimanu sarkin Damagaram ne. Ya hau gadon sarauta a 1841, amma bayan shekara biyu ɗan'uwansa Ibrahim ya karɓe ta. A 1851 ya sake hawa, ya riƙe ƙasar har rasuwarsa a 1884.

A zamanin nan, mayaƙan ƙasar Hausa da baka da kibiya da mashi suke yaƙi. Tanimu ya lura bindiga ta fi kibiya. Fatake suna ƙetare hamada daga Tarabulus su kawo masa bindigogi, shi kuwa ya ba su fatu da gashin jimina da bayi. Mutanen ƙauyuka da yawa sun rabu da iyayensu da ƴaƴansu don sarki ya sami makamai.

Tanimu bai tsaya ga saye ba. Ya tara maƙera a Zandar, suna ƙera igwa, ana kuma haɗa albarushi. Ya kewaye birni da ganuwa mai tsawo. Maƙwabta suka ji tsoronsa.

Bindigar lokacin ta baki ake ɗura ta. Sai a zuba albarushi, a sa harsashi, a danna da sanda, sannan a harba sau ɗaya. Kafin a sake ɗurawa, abokin gaba ya iso.

A Turai kuwa an riga an sake fasalin bindiga. Gras, ta 1874, ta baya ake sa mata harsashi. Lebel, ta 1886, tana ɗaukar harsashi takwas. Da bindigogi masu ɗuri ta baya sojojin Voulet da Chanoine suka faɗa wa Birnin Ƙwanni a watan Mayu na 1899, suka kashe jama'a masu yawa, suka ƙone gari. A watan Yuli rundunar ta karya sojojin Damagaram a Tirmini, ta shiga Zandar. Shekara 15 ke nan bayan rasuwar Tanimu. Igwarsa da ganuwarsa ba su hana ba.

Bindiga ba ta daina canzawa ba: Kalashnikov, ta 1947, tana ɗaukar harsashi 30.

Tambayoyi
1. Da me Tanimu yake sayen bindigogi?
2. Mene ne bambancin bindigarsa da Lebel?
3. Ku tambayi tsofaffin garinku labarin ƙona Ƙwanni.