Idrisu Sanusi, sarkin Libiya na farko kuma na ƙarshe

Tutar da ke kaɗawa a ofisoshin jakadancin Libiya a Yamai da Njamena, mai launin ja da baƙi da kore da jinjirin wata a tsakiya, tutar masarauta ce. An sauke ta a shekarar 1969, masu juyin juya halin 2011 suka dawo da ita. Sarkin da aka fara ɗaga ta a zamaninsa shi ne Muhammadu Idrisu Sanusi, mutumin da ya shekara kusan 18 a kan gadon sarauta, kuma fiye da sau ɗaya ya nemi ya rabu da shi.

An haifi Idrisu a Jagbub, wani zango na hamada kusa da iyakar Masar, a wajajen shekarar 1890. Kakansa, Shehu Muhammadu ɗan Ali Sanusi, shi ya kafa ɗariƙar Sanusiyya, wadda ta baza zawiyoyi a kan hanyar fatake daga Bangazi zuwa Kufra har Wadai. Mahaifinsa, Muhammadu Mahadi, ya mayar da hedikwatar ɗariƙar zuwa Kufra, daga baya zuwa Guro a arewacin Cadi ta yau, inda ya rasu a 1902. A shekarar ne kuma sojojin Faransa suka ƙwace zawiyar Bir Alali da ke Kanem. Da yake Idrisu yaro ne a lokacin, sai ɗan'uwansa Ahmadu Sharif ya riƙe shugabanci.

Italiya ta shigo Libiya da yaƙi a 1911. A lokacin yaƙin duniya na farko Ahmadu Sharif ya bi bayan Turkawa, ya kai wa Turawan Ingila hari a Masar, bai yi nasara ba. A wannan tsakanin ne Kawusan, wanda yake almajirin ɗariƙar, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Da jagoranci ya koma hannun Idrisu sai ya zaɓi sulhu. Ya zauna da Ingila da Italiya, kuma a yarjejeniyar 1920 Italiya ta amince da shi a matsayin sarkin Barƙa, wato gabashin ƙasar.

Tun a wannan lokaci hanya ta rabu biyu. Mutanen yamma sun riga sun kafa Jamhuriyar Turabulus a watan Nuwamba 1918, ɗaya daga cikin jamhuriyoyin farko a ƙasashen Larabawa, amma rigimar shugabanni ta hana ta tsayawa da ƙafafunta. Da suka ga Italiya za ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, sai suka miƙa wa Idrisu sarautar yankinsu a 1922. Ya karɓa, ya kuma san Italiya ba za ta yarda ba, saboda haka a ƙarshen shekarar ya yi hijira zuwa Masar. Umar Mukhtar ne ya ci gaba da yaƙi a duwatsun Jabal Akhdar har aka kama shi aka rataye shi ranar 16 ga Satumba 1931. Dubban mutanen Barƙa sun mutu a sansanonin da Italiya ta tsare su. Masu sukar Idrisu ba su taɓa manta cewa yana Masar a waɗannan shekaru ba.

Yaƙin duniya na biyu ya sake buɗe masa ƙofa. A 1940 ya tara 'yan gudun hijira suka kafa runduna a ƙarƙashin Ingila, kuma bayan an kori Italiya ya koma gida. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke shawara a Nuwamba 1949 cewa a ba Libiya 'yanci, ta turo Adrian Pelt, ɗan ƙasar Holan, ya shirya hanya. Matsalar ita ce yankuna uku ne da kowanne yake da tarihinsa: Turabulus mai yawan jama'a, Barƙa mai biyayya ga Sanusiyya, da Fezzan wadda Faransa ke riƙe da ita. 'Yan siyasar Turabulus da dama sun fi son dunƙulalliyar ƙasa, wasunsu ma jamhuriya. Mutanen Barƙa suka ce in ba Idrisu, ba haɗin kai. A kan haka aka daidaita, kuma ranar 24 ga Disamba 1951 ya yi shelar 'yancin kai a Bangazi, ƙasa ta zama tarayya mai sarki da majalisa.

Talauci ne ya tarbe shi. Mafi yawan jama'a ba su yi karatun zamani ba, kuma cikin abin da ƙasar ke sayarwa waje har da ƙarafan da yaƙi ya bari. Gwamnati ta ba Ingila sansanin soja a 1953, ta ba Amurka a 1954, tana karɓar kuɗi. Sarkin ya ba da fadarsa ta Manar aka buɗe jami'ar farko a 1955. Amma bayan tarzomar zaɓen Fabrairu 1952 an haramta jam'iyyun siyasa, an kori jagoran adawa Bashir Sa'adawi daga ƙasar. Daga nan babu wata hanya ta halal da mai ƙorafi zai bi ya sauya gwamnati.

Raunin sarautar gado ya fito fili daga cikin gida. Idrisu bai da ɗa da ya rayu. A Oktoba 1954 wani matashi daga dangin sarauta ya harbe Ibrahim Shalhi, amintaccen mashawarcin sarki. Sarkin ya bari aka zartar wa matashin hukuncin kisa, ya rage wa dangi gata, ya koma Tubruk da zama, nesa da manyan birane. Firaministan lokacin, Mustafa Bin Halim, ya ba da labari daga baya cewa sun tsara yadda za a mayar da ƙasar jamhuriya da yardar sarkin, amma shugabannin ƙabilun Barƙa suka ƙi, aka ajiye maganar. Ƙaninsa da ke jiran gado ya rasu a 1955, aka naɗa ɗan ƙanin, Hasan Rida, wanda bai samu farin jini ba.

Sai ga man fetur. An haƙo shi a Zaltan a 1959, aka fara fitarwa a 1961, kafin 1969 ana haƙo ganga sama da miliyan 3 a rana. An soke tsarin tarayya a 1963 don kuɗin su taru a hannun gwamnatin tsakiya. An gina makarantu da hanyoyi da gidaje, amma zargin cin hanci ya dabaibaye na kusa da fada, musamman iyalan Shalhi. Matasa kuma kunnensu yana ga rediyon Alƙahira da jawaban Jamal Abdul Nasir, wanda shi da abokansa suka kawar da sarautar Masar. Bayan kashe ɗalibai masu zanga-zanga da rikicin sansanonin baƙi a 1964, Idrisu ya ce zai sauka, jama'a suka yi tururuwa zuwa Tubruk suna roƙonsa ya zauna. Ya zauna, amma yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 ya ƙara nisanta shi da matasa.

A Agusta 1969, yana ƙasar waje neman magani, ya sa hannu a takardar murabus wadda za ta fara aiki ranar 2 ga Satumba. Ranar 1 ga wata, yana Turkiyya, ƙananan hafsoshi ƙarƙashin Mu'ammar Gaddafi mai shekara 27 suka karɓe mulki, suka yi shelar jamhuriya. Kusan ba a zubar da jini ba, kuma ba wata runduna da ta tashi kare gadon. An yanke wa Idrisu hukuncin kisa a bayan idonsa a 1971. Ya rasu a Alƙahira ranar 25 ga Mayu 1983, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a da ke Madina.

Jamhuriyar da ta gaje shi ba ta dawo da jam'iyyu ba, mutum ɗaya ya shekara 42 yana mulki, kuma mutanen Cadi sun ɗanɗana yaƙinsa a kan zirin Awuzu. Tun 2011 ƙasar ta kasa tsayar da gwamnati ɗaya, abin da duk ɗan ci-ranin da ya bi hanyar Agadas zuwa Sabha ya gani da idonsa. Shi ya sa wasu 'yan Libiya ke kiran a koma ga tsarin mulkin 1951, a naɗa Muhammadu, ɗan Hasan Rida. Hujjarsu ita ce sarki ne ya haɗa yankunan uku a lokacin da ba wanda zai iya. Masu adawa suna tunatar da su cewa wannan sarautar ce ta rufe bakin jam'iyyu, kuma mutuncin da ya riƙe ta na Idrisu ne shi kaɗai, bai wuce ga magajinsa ba. Har yau ba a kira 'yan Libiya akwatin zaɓe sun raba wannan gardama ba.