Samori Ture: Almamin da aka datse wa hanyar bindigogi

An haifi Samori Ture wajen 1830 a ƙasar Gine ta yau. Fatauci ya fara yi kafin ya kafa daular Wasulu. Yakan aika zinariya da hauren giwa Freetown ta Saliyo, a sayo masa bindigogin zamani don yaƙar Faransawa.

A 1890 Turawa suka ƙulla yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka irin waɗannan makamai. Da Faransawa suka datse hanyar Saliyo, sai ya dogara da maƙeransa, masu ƙera irin bindigar Gras. Ya ja gabas, a 1897 dakarunsa suka rusa Numudara, kusa da Bobo-Dioulasso.

An kama shi ran 29 ga Satumba 1898, ya rasu a Gabon a 1900.