Marigayi Alhaji Abubakar Imam: Edita Kuma Ɗan Majalisar Arewa

Galibinmu a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum mun san sunan Alhaji Abubakar Imam ne ta littafin Magana Jari Ce da muka karanta a firamare. Amma marigayin ya yi wani aikin da ya shafi rayuwar iyayenmu kai tsaye, wato sharhi kan mulkin gargajiya da wakilcin jama'a a majalisa.

An haife shi a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yau, a shekarar 1911. Bayan karatun allo da na boko ya shiga Kwalejin Katsina, sannan ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina. Littafinsa Ruwan Bagaja ya samu lambar yabo a gasar rubutu ta 1933, abin da ya haɗa shi da Dokta Rupert East na Zariya. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi ne Bahaushen editanta na farko, ya kuma riƙe ta kimanin shekara 12.

A wancan zamani ƙasashenmu gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Haraji da jangali da shari'a duk suna hannun hakimai da dagatai da alƙalai, talaka kuwa ba shi da inda zai kai kuka. Jaridar ta buɗe filin wasiƙun masu karatu, edita kuma yana sharhi da Hausar da manomi zai gane idan an karanta masa a dandali.

Ra'ayinsa na masu riƙon al'ada ne. Yana ganin sarauta ginshiƙin zaman lafiya ce, don haka a gyara ta sannu a hankali, kada a rushe ta. Wannan ya bayyana a 1943, lokacin da ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Dokta Nnamdi Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, domin a ganinsa Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin zamani. Amma a wannan tafiyar ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya bayyana masa cewa sarakuna suna cikin wadata, ma'aikata suna cikin ɓacin rai, talakawa kuma ba su da mai jin kukansu. Abin da ya nema shi ne a riƙa shawara da masu ilimi a harkar En'e.

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949. A 1951 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Jihar Arewa daga Lardin Zazzau, daga nan kuma ya je Majalisar Wakilai ta Ikko. Zamansa a majalisa ya zo daidai da rikicin 1953, sa'ad da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin samun mulkin kai a 1956, wakilan Arewa a ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello suka ce a jira lokacin da ya dace. Matsayin da Imam ya ɗauka shekara 10 kafin nan ke nan.

Bai daɗe a siyasar jam'iyya ba. Ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daga baya ya shugabance ta, inda ya sa hannu wajen cike guraben da Turawa suka bari da 'yan ƙasa. A shekarun 1970 kuma ya riƙe ofishin sauraren koke-koken jama'a a Kaduna. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981.

An soke En'e a gyaran 1976, aka kafa ƙananan hukumomi, Jihar Zamfara kuma ta samu kanta a 1996. Kujerun da marigayin ya nema wa masu ilimi yanzu suna hannun shugabannin ƙananan hukumominmu da kansiloli da ma'aikata. Muna kira gare su, tare da iyayenmu sarakuna, da su buɗe ƙofa ga manomi da makiyayi da mai haƙar ma'adinai, su saurari kukansa tun bai zama rikici ba. Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.