Peter Craven, Zakaran Babur Marar Birki

A irin tseren da Peter Craven ya shahara a kansa, mahaya huɗu ne ke zagaya filin ƙasa sau huɗu a kan babura marasa birki. An haife shi a Liverpool a 1934. Ɗan tsurut ne, amma da wuya a samu wanda ya fi shi iya shan kwana. Yana ƙungiyar Belle Vue ta Manchester ya lashe kambun duniya a Wembley a 1955 da 1962, ya kuma zama zakaran Birtaniya a 1962 da 1963.

Ranar 20 ga Satumba, 1963, a Edinburgh, abokin karawarsa George Hunter ya faɗi a gabansa. Garin kauce masa Craven ya daki shingen filin. Ya rasu a asibiti bayan kwana huɗu, yana ɗan shekara 29.