Dakta Harold Ridley, Likitan Da Ya Fara Sa Wa Ido Madubin Roba

Duk wanda aka yi wa aikin yanar ido a zamanin nan, a Kaduna ne ko Kano ko wani gari, ya tashi yana gani tangaram ba tare da tabarau mai kauri ba, to ya ci moriyar wahalar wani likita Bature mai suna Dakta Harold Ridley. Amma kafin duniya ta yarda da aikinsa sai da ya yi wajen shekara talatin yana shan suka daga abokan sana'arsa.

An haifi Ridley ran 10 ga Yuli, 1906, a wani ƙauye mai suna Kibworth a Ingila. Mahaifinsa ma likitan ido ne. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, sa'an nan ya koyi aikin likita a Asibitin St Thomas da ke Landan, ya gama cikin 1930. Cikin 1938 aka naɗa shi babban likitan fiɗa a Moorfields, watau mashahurin asibitin ido na Landan.

A wancan lokaci aikin yana rabin magani ne kawai. Cikin idon kowane mutum, a bayan baƙin, akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda ke tattara haske. In tsufa ya zo, ko wani ciwo, sai madubin ya dushe ya yi fari, shi ne ake kira yana. Abin da likita ke yi shi ne ya fid da madubin ɗungum. To, idon da ba madubi ba ya gani sai dishi-dishi, saboda haka tilas a ba mutum tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, wanda ke ƙara wa abubuwa girma, ya kuma hana ganin gefe.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai aka riƙa kawo matuƙan jiragen yaƙi asibiti da raunuka a ido. Rumfar da ke kan matuƙi an yi ta da wata roba mai kama da gilashi, mai suna Perspex, wadda in harsashi ya same ta sai ta tarwatse. Daga cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani matuƙi, Gordon Cleaver, wanda aka harbi jirginsa cikin Agusta 1940. Ridley ya lura cewa ɓarɓashin robar nan yakan zauna cikin ido ba kumburi, ba mugunya. Ya riƙe wannan a zuciyarsa.

Ana nan sai ya shiga aikin likitan soja, aka turo shi ƙasar Gana, wadda a sa'an nan ake kira Gwalkwas. Can ya ji labarin makantar da ke addabar mutanen bakin koguna, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa cikin ruwa mai gudu ke yaɗawa. Ya tashi takanas ya tafi garin Funsi a arewacin ƙasar, ya duba idanun jama'a da na'ura mai aiki da batir, ya zana hoton yadda tsutsar ciwon ke ɓata cikin ido. An buga sakamakon binciken cikin 1945, har likitoci suka sa wa wannan alama ta cikin ido sunansa. Ya kuma yi rubutu a kan abin da tofin gamsheƙa ke yi wa ido. Daga nan aka tura shi Indiya da Bama, inda ya yi jiyyar fursunonin yaƙi waɗanda yunwa ta raunana ganinsu.

Bayan ya koma Landan, wata rana ya gama aikin yana, sai wani ɗalibi ya tambaye shi dalilin da ya sa ba a mai da wani madubi a gurbin wanda aka cire. Tambayar ta tuna masa da matuƙan nan. Ya nemi John Pike na kamfanin Rayner, masu yin tabarau, suka ƙera ɗan madubi da tatacciyar Perspex. Suka kuma yi shawara ba za su yi wa dabarar rajistar mallaka ba, don kada a ce kuɗi suke nema.

Ran 29 ga Nuwamba, 1949, a Asibitin St Thomas, Ridley ya yi aikin farko a idon wata mace mai shekara 45. Lissafin ƙarfin madubin bai zo daidai ba, amma idon bai ƙi shi ba. Ya gyara lissafi, ya ci gaba a asirce, sai cikin Yuli 1951 ya bayyana aikin a taron likitocin ido a Oksfod.

Maimakon yabo sai manya suka yi masa ca. Babban mai adawa da shi shi ne Sa Stewart Duke-Elder, jagoran likitocin ido na Ingila a lokacin. Hujjarsu ita ce, aikin likita ya fid da baƙon abu daga ido, ba ya saka ba. Kuma tsoronsu ba na banza ba ne, gama madubin farko yana da nauyi, yakan zame daga gurbinsa, wasu idanun kuwa suka kumbura har aka cire shi. Haka Ridley ya zauna kamar mujiya cikin tsuntsaye, har ya yi ritaya cikin 1971.

Duk da haka akwai waɗanda suka ga gaskiyar dabarar, irin su Peter Choyce a Ingila, da Binkhorst a Holan, da Fyodorov a Rasha. Suka yi ta rage nauyin madubin, suna sake fasalinsa don ya zauna daram. Cikin 1966 Ridley da Choyce suka kafa ƙungiyar likitoci masu wannan aiki. Cikin 1981 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi, daga nan ya bazu ko'ina.

Mahaƙurci mawadaci. Cikin 1986 aka zaɓe shi cikin Royal Society, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Ingila. Da tsufa ya kawo masa yana, shi ma aka sa masa madubin a ido biyu, a asibitin da ya fara aikin. Cikin 2000 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sa, yana da shekara 93.

Sa Harold Ridley ya rasu ran 25 ga Mayu, 2001, a garin Salisbury, yana da shekara 94. Yau miliyoyin mutane ake sa wa irin madubinsa kowace shekara, galibinsu kuwa ko sunansa ba su taɓa ji ba.