Arthur Kornberg: Ɗan tela da ya gano yadda ake kwafar DNA

Duk wanda aka yi wa gwajin PCR a lokacin annobar korona ya ci gajiyar aikin Arthur Kornberg, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

An haife shi a Brooklyn ta birnin New York ranar 3 ga Maris, 1918. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai, mahaifinsa kuma ya shafe shekaru yana ɗinki a masana'antar tufafi. A zamanin da makarantun likitanci da dama a Amurka ke ƙayyade adadin Yahudawan da suke ɗauka, ya samu gurbi a Jami'ar Rochester, ya kammala a 1941.

Sai dai bincike ya fi jan hankalinsa. A 1956, a Jami'ar Washington da ke St. Louis, shi da abokan aikinsa, ciki har da matarsa Sylvy, suka tace wani sinadari daga ƙwayar bakteriya ta E. coli. Shi ne DNA polymerase. Aikinsa shi ne bin zaren DNA guda yana jera tubalan da suka dace da shi, har sabon zare ya fito. Wannan ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1959, tare da malaminsa Severo Ochoa.

A 1969 wasu masana suka nuna cewa bakteriya na iya hayayyafa ko da sinadarin nasa ya raunana, domin gyara ne babban aikinsa. Ɗansa Thomas ne ya gano wanda ke ɗaukar nauyin kwafar.

Duk da haka, da wani ɓangare na sinadarin Kornberg aka fara gwada dabarar PCR da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983. Ana zafafa DNA zaruruwan biyu su rabu, a sanyaya, polymerase ya kwafe kowanne. Zagaye 30 na iya mayar da kwafi ɗaya kusan biliyan.

Kornberg ya daɗe yana kira ga gwamnati ta zuba kuɗi a binciken da ba a ga ribarsa nan take ba, yana mai cewa daga can magunguna ke fitowa. Ya rasu ranar 26 ga Oktoba, 2007, shekara guda bayan wani ɗansa, Roger, ya karɓi tasa lambar Nobel.