Mary Reed, Uwar Kutare a Chandag

Tsofaffinmu na Gumel da Gagarawa suna tune da yadda akan yi da kuturu a dā. Akan ware masa ƙwaryarsa, wani lokaci ma a kafa masa bukka a bayan gari. Saboda haka mun ga ya kamata a wannan wata mu ba ku labarin wata mace wadda ta zauna da wannan ciwo shekara hamsin da 'yan kai.

An haifi Mary Reed a 1854 a Lowell, wani ƙaramin gari a jihar Ohio ta Amurka. Ta yi aikin koyarwa wajen shekara goma, sa'an nan a 1884 matan ekklesiyar Methodist suka aike ta Indiya. Tun farko ƙasar ba ta karɓe ta ba. Da ta yi rashin lafiya aka kai ta Pithoragarh, can cikin duwatsun Himalaya, ta huta. A nan ta fara ganin kutare a wani tudu mai suna Chandag.

A 1890 ta koma gida neman magani. Tana Cincinnati sai ta lura yatsanta yana zuga ba dalili, ga kuma wani tabo a kumatunta. Ita da ta ga kutare da idonta, ba ta bukaci a faɗa mata ba. Likitoci suka duba, suka tabbatar kuturta ce.

Nan ne wurin da ya fi taɓa mu. Ba ta gaya wa iyayenta ba, sai 'yar'uwarta ɗaya. Ta yi sallama da su kamar mai komawa bakin aiki, alhali a ranta ba ta sa za ta sake zama da su ba. Sai da ta yi nisa ta rubuto musu gaskiya. Waɗansu za su ce da ta faɗa tun tana gida ya fi, mu ma ba mu ce ba su da hujja ba. Amma ta ga idan uwarta ta sani, rabuwar za ta gagara.

Ta koma Indiya a 1891, ƙungiyar Mission to Lepers ta ba ta riƙon mazaunin kutare na Chandag. Ta zauna ita kaɗai a wani ɗan gida, tana cin abinci ita kaɗai. Ta sa aka gina ɗakunan maza da na mata da ɗakin sujada, tana wanke gyambo, tana koya musu karatu. Wajen 1896 ciwon ya lafa, har a 1906 ta iya ziyartar danginta a Amurka. Ita ta ɗauki wannan amsar addu'a ce. Duk da haka ta komo Chandag. Da tsufa ya zo ciwon ya sake motsi, idanunta kuma suka raunana. Ta faɗi a gidanta, ta rasu a watan Afrilu 1943, tana da shekara 88.

Abin tausayi, magani yana bakin ƙofa a lokacin. 'Yan shekaru kaɗan bayan rasuwarta, Likita John Lowe ya nuna a Uzuakoli, nan Nijeriya, cewa ƙwayar dapsone tana maganin kuturta. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuwa kyauta ake ba da su. An kuma gane ciwon ba ya saurin yaɗuwa kamar yadda kakanninmu suka zata, wanda ya fara shan magani kuwa ba ya sa wa kowa. Wanda ya ga tabo a jikinsa wanda ba ya jin taɓawa, a Maigatari yake ko a Sule Tankarkar, kada ya ɓoye. Ya je asibiti tun yatsunsa suna nan.